Jawabin Maraba Ga Mai Girma Sanata A Ziyararsa Ga Dattawan Hausawa A Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai martaba Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka, malamanmu limamai, shugabannin kasuwanni, iyayenmu maza da mata, babban baƙonmu, mai girma Sanata, da 'yan rakiyarsa.

Ranka ya daɗe, a madadin Hausawan Agege da 'yan'uwanmu da suka yi sammako daga Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago, muna yi maka lale marhabin. Duk wanda ya san cunkoson hanyar Ikeja zuwa nan ya san ka yi mana kara. Zumunta a ƙafa take, ga shi ka tako.

Zamanmu a Ikko ya haura shekara 100. Goro da shanu da jirgin ƙasa ne suka kawo kakanninmu. Dattawan da ke sahun gaba kuwa, akwai mahauta na mayankar Oko-Oba, akwai tsofaffin direbobin tirela na Apapa, akwai waɗanda suka yi dakon buhunan albasa har bayansu ya sunkuya. Maganarsu ce ta tara mu.

Mun san Majalisa ba ta naɗe hannu ba. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sa ma'aikaci ya riƙa ajiye kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10. A Janairun 2018 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa. A Mayun 2022 kuma aka yi dokar Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni, ta ambaci tsofaffi a cikinsu. Yabon gwani ya zama dole, mun yaba.

To amma, ranka ya daɗe, kashi 8 na wane albashi? An ɗinka rigar ne daidai wuyan mai takardar ɗaukar aiki, mu kuwa yawancinmu da baki aka ɗauke mu, da baki kuma ake sallamarmu. Akwai wani dattijo a cikin wannan rumfa, ba zan nuna shi ba don kada in ba shi kunya. Ya fi shekara 30 yana gadin gida guda, ya ga haihuwar 'ya'yan gidan, ya ga aurensu. Da yanar ido ta kama shi, sai aka ba shi buhun shinkafa da kuɗin mota. Yau maganin hawan jini ƙwaya biyu-biyu yake saye a kemis, ranar da babu ya dogara ga Allah. Irinsa ba su ƙirguwa a Legas.

An fito da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu a 2019, inda a lokacin aka ba mutum damar cirar kashi 40 na ajiyarsa idan buƙata ta taso, sauran 60 ya jira tsufa. Tsari ne mai kyau ga matashi mai shayi ko ɗan acaba, in an yi masa bayani da harshensa. Ga ɗan shekara 70 kuwa, ai an yi ihu bayan hari. Abin da zai tsamo shi shi ne asusun nan na masu rauni, idan Majalisa ta tsaya tsayin daka an zuba masa kuɗi a kasafi, an kuma bi sawu an ga inda suka shiga. Muna roƙon a kawo rajistar nan ƙofar fada da harabar masallatai, domin tsohon da ba ya karatun boko ba zai iya cike fom a waya ba.

Sai wata damuwa da ta fi shafar mu baƙi. Ilera Eko tsarin inshorar lafiya ne na Jihar Legas, kuma an karɓe mu a ciki, mun gode. Amma Bahaushe in ƙarfi ya ƙare gida yake nufa, Kano ko Katsina ko Sakkwato. Muna so doka ta fito fili ta ce katin lafiyar tsoho zai bi shi duk jihar da ya koma, kada ya sauka a tashar mota ya tarar da katin ya zama takardar banza.

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati da ke cikinmu, musamman na reluwe, sun ce in tuna maka sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulki, wanda ya ce a riƙa duba fansho duk shekara 5, ko lokacin da aka duba albashi. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Su ma kasuwa ɗaya suke zuwa da masu albashin.

Mun rubuta waɗannan buƙatu, mai martaba zai miƙa maka hannu da hannu. Kafin nan, dattawa uku, cikinsu har da uwa guda, za su faɗa maka nasu da bakinsu. Mun ce kowa minti biyar, amma ka san tsoho da labari, sai ka yi haƙuri. Allah ya saka maka da alheri, ya mayar da kai gida lafiya.

Wassalamu alaikum.