Wasan barewa a filin makaranta

Malam Bala: Jama'a, barkanmu da warhaka. Malama Hadiza, yau wasan barewa za mu koya wa malaman firamare, wasan da ke nuna wa yara yadda yawan dabbobi ke hawa da sauka gwargwadon abin da daji ke da shi. Ta ina za a fara?

Malama Hadiza: Daga fili, Malam. A ce ajin yara 40 ne. A ware 10 su zama barewa, sauran 30 su ne daji. A ja layi biyu a ƙasa, tsakaninsu kamar taku 20, kowane ɓangare ya juya wa ɗaya baya. Alamu uku ne: hannu a ciki abinci, hannu a baki ruwa, hannaye a ka mafaka. Kowa ya zaɓi ɗaya. Malami ya busa usur, a juyo, barewa ta ruga wajen mai alama irin tata ta jawo shi layinta.

Malam Bala: Wato ta haihu ke nan.

Malama Hadiza: Ta haihu. Wadda ta rasa kuwa ta mutu, sai ta koma layin daji. Kowane zagaye shekara guda ce, a rubuta yawan barewa a allo har zagaye 12 ko 15.

Malam Bala: Abin da nake so malamai su lura da shi, zagaye na uku ne. A na farko 10 za su iya zama 20, domin daji ya wadata. In a na biyu suka kai 32, to 8 kaɗai suka rage a daji, a na uku ko duk an dace ba za su wuce 16 ba. Ba zaki, ba maharbi, yawansu ne ya cinye su.

Malama Hadiza: Inda wasan ke lalacewa kuma, yaro ya juyo ya ga babu irin alamarsa, sai ya sauya. Da an bari, babu mai mutuwa, lissafin allo ya tashi a banza. Gara a raba musu katuna masu launi uku, kowane launi alama ɗaya, kowa ya ɗaga wanda ya zaɓa tun kafin a juyo. In biyu suka nufi mutum ɗaya, wanda ya riga taɓawa shi ke da shi.

Malam Bala: Shekarar fari fa?

Malama Hadiza: A raɗa wa 'yan daji kada kowa ya yi alamar ruwa. Amma sai bayan zagaye na shida, lokacin yara sun ga hawa da saukar yawan barewa da idonsu.

Malam Bala: Sannan a ba su labarin tsibirin Sent Matiyu na Alaska. A 1944 aka kai irin barewar ƙasashen ƙanƙara 29 can, babu mai farautarsu. A 1963 sun kai 6,000, sun cinye gansakukar da ke shekaru kafin ta sake tohowa. Hunturu mai tsanani ya biyo baya. Da aka koma a 1966, 42 aka tarar.

Malama Hadiza: Sai yara su zana wannan kusa da nasu jadawalin, a tambaye su me ya sa nasu ke farfaɗowa da wuri. A wasan, matacciyar barewa nan take take zama abinci. A tsibirin, gansakukar ba ta dawo da wuri ba.