Amsoshin Tambayoyinku: Farar Funfuna a Jikin 'Ya'yan Tarwada

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani mai kiwon kifi a Kura, jihar Kano. Ya ce tun da hunturu ya kama, 'ya'yan tarwadarsa ke fitar da wani farin abu kamar auduga a baya da jela, kuma kullum da safe sai ya kwashe matattu. Yana neman maganin da ba na kanti ba.

To malam, Allah ya mayar da alheri. Abin da ka kwatanta ya yi kama da funfunar ruwa, wadda masana ke kira Safrolegniya. Kusan kowane ruwa akwai ta, amma ba ta cika kama lafiyayyen kifi ba. Sai fata ta samu rauni wajen tantancewa, wato ware manya da ƙanana, ko cunkoso, ko cizon juna, sannan funfunar ta samu ƙofa. Sanyi kuma na taimakonta: tarwada ta fi son ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, idan ya sauka ƙasa da 20 garkuwar jikinta sai ta yi rauni.

Maganin da na fi amincewa da shi gishiri ne, zalla, wanda ba a haɗa da komai ba. Ka narkar da giram 200 a bokiti mai lita 20, ka tsoma marasa lafiyar na minti 10, kana tsaye a kansu. Da ka ga sun fara kifewa, cire su maza ka mayar ruwa mai tsabta. Idan ƙanana ne sosai, rage gishirin zuwa rabi. Amma fa gishiri ba zai yi aikin da ya rataya a wuyanka ba. Kwashe matattu da ragowar abinci, rage yawan kifin, ka riƙa sauya wani ɓangare na ruwan, da dare kuma ka rufe tankin da leda, ka bar wa iska hanya.

Sai wata baiwar Allah daga Maraɗi, tana tambaya ko gaskiya ne shuwaka da ganyen bedi, wato darbejiya, suna magani.

Hajiya, masu kiwo da yawa na matse shuwaka a ruwan kifi, wasu na cuɗa dakakkiyar tafarnuwa a abinci, kuma suna yabawa. Ni dai taimako na ɗauke su, ba madadin tsabta ba. Darbejiya kuwa a yi hattara, idan ruwanta ya yi kauri kifin take kashewa. Gwada a kan guda biyar a roba daban, ki ga yadda suka kwana.

Kuma idan wani ya kawo miki koren maganin nan malakayit girin, kada ki karɓa. Amurka da Tarayyar Turai sun hana amfani da shi a kifin ci, saboda ana danganta shi da ciwon daji. In an yi kwana uku mutuwar ba ta lafa ba, a nemi likitan dabbobi, domin akwai cutar bakteriya mai irin wannan farin tabo, ita kuma maganinta daban ne.