Hular sojan saman Jamus da na gani a kasuwar Ciney

Assalamu alaikum jama'a. Wallahi har yanzu mamaki bai sake ni ba. Yanzu na fito daga kasuwar tsofaffin kayan soja ta Ciney, nan Beljiyam, inda wani dattijo ya yi mini kuɗin hula ɗaya Yuro 4,000. Hula fa! Kuɗin da zai aurar da yarinya a gida har a yi ragi.

Launin rairayi ce, da baki a gaba mai tare rana, a baya kuma ga wani ƙyalle da ake maƙalawa da maɓalli ya rufe ƙeya. Sojojin saman Jamus, Luftwaffe, su suka sa ta a Libiya da Tunisiya, a yaƙin da suka shiga a 1941 suka miƙa wuya a watan Mayun 1943. Sojojin da kansu suka raɗa mata "Hermann Meyer", don shugabansu Hermann Göring ya taɓa cika baki cewa in jirgin abokan gaba ya kawo musu hari, a kira shi Meyer. Aka kuwa yi musu ruwan bama-bamai. Kusa da ita ga hular kwano ta rana, sak irin ta Di'o.

Da na riƙe ta sai gida ya faɗo mini. Ko kun san a Janairun 1942 jirgin Jamus ya ratso Sahara ya jefa bam a Fort Lamy, wato Injamena ta yau? Ta nan jiragen Ingila ke bi, daga Takoradi su yada zango Kano da Maiduguri su nufi Masar. Da na faɗa wa dattijon ni ɗan Kano ne, kuma filin jirginmu na cikin wannan tarihi, sai da ya cire tabarau ya dube ni da kyau.

To ga inda raina ya ɓaci. A wata rumfa wani ya miƙo mini irinta, yana rantsuwa ta asali ce. Na shinshina, sai ƙanshin shayi. Jiƙa sabuwa suke yi ta yi kamar ta tsufa. Na haska mata ƙaramar fitilata mai hasken shuɗi, zaren ya ɗau ƙyalli, alamar zaren zamani ke nan. Mu da muka taso a Kantin Kwari za a yi wa wayon yadi?

Ba na ƙin kwafi. Na sayi ɗaya Yuro 45, mai ita ya gaya mini gaskiya ɗinkin bana ce, masu wasan kwaikwayon yaƙi ke saye. Amma ku kiyaye, gaggafar da ke gabanta tana riƙe da tambarin 'yan Nazi, mutanen da suka hallaka miliyoyin bayin Allah. Ni na sa an farke tawa tun a rumfar. Kada wani ya kuskura ya sa ta a kai ya shiga Jamus, doka ta hana, yana iya kai mutum gidan yari. Bari in yi sauri, jirgin ƙasan Namur ya kusa tashi.