Gyara Kayanka: Yadda Gwani da Ɗan Koyo Ke Dafa wa Juna a Zaurukan Masu Zane

[A allo: zanen fensir na wani dattijo sanye da hula da babbar riga]

Assalamu alaikum, masu kallo. Ku dubi wannan zane da kyau. Wanda ya yi shi ya sha wahala, babu ko shakka. Ga aikin aska takwas nan a ƙirjin rigar, zare ɗaya bayan ɗaya, ga ɗinkin hular kamar ka kai hannu ka taɓa. Da za a saka shi a Facebook, kafin la'asar an cika ƙasansa da "Masha Allah" da "Allah ya ƙara basira". Addu'a ce, kuma muna so. Amma a cikin duk waɗanda suka yaba babu wanda ya gaya masa cewa idanun dattijon sun hau goshi, kuma hular zaune take a kai kamar an manna ta da gam.

Wannan magana ta biyu ita ce masu zane ke shiga zaurukan intanet don su ji. Mai koyon rubutun allon shago ko fentin jikin mota yakan samu ubangida, ya wanke buroshi, ya dama fenti, idan ya karkace a karɓe buroshin a nuna masa. Mai zane da ke zaune shi kaɗai a ɗaki ba shi da wannan gata. Shafin DeviantArt, wanda aka buɗe a shekarar 2000, na cikin wuraren farko da suka haɗa ɗan koyo da gwani a inuwa ɗaya. ArtStation ya zo a 2014, inda masu zanen wasannin kwamfuta da fina-finai suka fi taruwa. A yau yawancin gyaran gaske a ƙananan zauruka ake yin sa, a WhatsApp da Telegram da Discord. Sai dai shiga zaure kaɗai ba ya ƙara wa hannu komai. Akwai yadda ake turo aiki, akwai yadda ake gyara shi.

Mu fara da hoton kansa, domin sau da yawa tun nan abin ke lalacewa. Gwani ba zai iya gyara abin da bai gani ba. Idan a takarda ka yi zanen, kashe fitilar kyamara. Baƙin fensir yana ƙyalli, musamman fensira masu laushi da baƙi sosai, masu lamba 6B da 8B, fitila na haska shi sai wurin da ya fi duhu ya koma fari kamar kwano. Fita da takardar waje, a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar, haske ya zo mata daga gefe. Goge idon kyamarar da gefen riga, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta disashe hoto. Sannan ka riƙe wayar daidai saitin tsakiyar takardar, kada ta karkata. In ka karkatar da ita, kan mutumin zai tsuke, haɓarsa ta faɗaɗa, a yi ta gyara maka kuskuren da ba a zanen yake ba. Ja baya kamar taku ɗaya ka jawo hoton ninki biyu, ya fi ka kusanto da wayar, domin kusantowa tana lanƙwasa gefuna.

Wajen turawa kuma, WhatsApp yana matse hoto don ya rage cin data, kuma laushin inuwa shi ne abin da ke fara tafiya. Tura shi a matsayin fayil, ta inda ake tura takardu. Mai zane a waya ko kwamfuta, in yana da niyyar buga aikin a takardar A4, ya buɗe shafinsa a fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 2480 a faɗi da 3508 a tsawo tun farko. Wanda ya fara da ƙaramin shafi ba shi da dabarar faɗaɗa shi daga baya ba tare da ya dagargaje ba.

Sai tambaya. "Ya kuka gani?" ba tambaya ba ce, roƙon yabo ne, kuma yabo za a ba ka. Faɗi abu uku: me kake son zanen ya nuna, da me ka yi shi, kuma ina ne ya gagare ka. Haɗa da hoton da ka kalla ka zana, in akwai. Kuma ka turo tun yana zayyana, kafin ka shafa inuwa. Tun ran gini, tun ran zane. Matsar da ido a zayyana aikin minti biyu ne da abin gogewa. Bayan awa goma sha biyu na shafa gawayi, sai dai a sake sabuwar takarda.

[A allo: an buɗe hoton zanen a manhaja, jan layi ya fara bayyana]

Yanzu ga aikin gwani. Gyara da baki yana da iyaka. In ka ce wa mutum "kan bai zauna ba", zai amsa da "to", amma bai san inda zai taɓa ba. Shi ya sa ake zana gyaran a kan aikin. Ana buɗe hoton a Krita, wadda kyauta ce a kwamfuta, ko ibisPaint a waya, ko Procreate ga mai iPad. A rage ƙarfin hoton zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari, ya yi dishi-dishi. A buɗe sabuwar leya, wato shafi mai kamar gilashi da ake zane a kai, a samansa, a ɗauki jan launi, buroshi siriri mai kaifin baki. Ba a taɓa ainihin zanen ko kaɗan. Mai shi zai kunna leyar ya kashe, ya ga bambancin da idonsa.

Ku kalli abin da jan layin ke yi wa dattijonmu. An fara zagaye ƙoƙon kai gaba ɗaya, har da ɓangaren da hula ta rufe. Daga tsakar ka zuwa haɓa, idanun babban mutum suna faɗawa kusan a tsakiya. Ɗan koyo yakan ɗaga su sama saboda fuska ce ke jan hankalinsa, goshi da ƙoƙon kai kuma sai ya matse su, balle ma an sa hula. Ga layin ya sauko da idanun. Tsakanin ido da ido, a bar faɗin ido ɗaya. Kunne ya zauna tsakanin layin gira da ƙasan hanci. Waɗannan awo ne na farawa, kowace fuska tana da nata saɓanin, kuma a saɓanin ne kama take. Amma sai ka san awon kafin ka gane inda fuskar ta saɓa masa.

Hular fa? Ɗan koyon ya ja bakinta a miƙe, kamar da rula. Bakin hula zobe ne da ya kewaye kai. Idan dattijon ya ɗaga kai, ko kana kallonsa daga ƙasa, layin zai gantsare sama a tsakiya. Idan ya sunkuyar, ya lanƙwasa ƙasa. Lanƙwasa ɗaya tak, hula ta shiga kai.

Lura da abin da gwanin bai taɓa ba: aikin rigar. Akwai kurakurai a can ma, amma ba yau ba. Gyara yana da jeri. Gini da awo su ne farko, sai haske da duhu, sai launi, ado ne ƙarshe. Kuma abu uku sun isa a zama ɗaya. Wanda aka jibga wa gyara goma sha biyar ba ya gyara ko ɗaya, ajiye fensirin yake yi. A faɗi abin da ya yi daidai ma, a kuma ambace shi da suna: "inuwar ƙarƙashin haɓar nan ta fito da wuyan, ci gaba da yin haka." Wannan ba lallashi ba ne. Ɗan koyo sau da yawa bai san abin da ya dace a hannunsa ba, sai ya goge shi tare da kuskuren.

Akwai gwaji biyu da kowa zai yi wa kansa kafin ya dami jama'a. Na farko, juya zanen hagu ya koma dama, a manhaja ko a gaban madubi. Ido yana sabawa da karkata bayan awa ɗaya, juyawar ce ke tona ta. Na biyu, mayar da hoton fari da baƙi, ka kanne ido. In fuska da riga da bango suka narke suka zama toka ɗaya, matsalar ba ta launi ba ce, duhun ne bai kai ba. Masu fensir ɗaya, HB, wato fensirin rubutu na yau da kullum, su ne suka fi faɗawa nan. Suna danna shi da ƙarfi har takarda ta yi santsi, baƙin kuma bai zo ba. A nemi 2B da 4B da 6B. Masu launi kuma, kuskuren da ya fi yawa wajen baƙar fata shi ne zuba baƙin fenti don yin inuwa. Fatar sai ta mutu, ta zama laka. Inuwar fata tana da ɗumi, ruwan ƙasa mai ja-ja. Hasken goshi da kumatu kuma yakan ɗauko launin sama, shuɗi-shuɗi, in a waje mutumin yake.

Shi kuma wanda aka gyara wa, kada ya tsaya kare kansa da "ai salona ne". Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ya sake zanen cikin mako, ya dawo da tsoho da sabo gefe da gefe. Babu abin da ke sa gwani ya sake ba da lokacinsa kamar wannan. Ba dole ba ne a karɓi kowace shawara. Amma in mutum uku da ba su haɗa baki ba suka nuna wuri ɗaya, to akwai abu a wurin, ko da maganin da suka kawo ya bambanta.

To shi gwanin me yake samu? Da yawa. Wanda ya saba yin abu da hannu, ranar da aka ce ya bayyana dalili, ranar yake gane inda shi ma kame-kame yake yi. Sannan aiki yakan yi masa yawa. Masu littattafan labarin zane sun daɗe suna raba aiki: wani ya ja layi, wani ya cike launin farko a leya daban, wani ya yi bango. A zaure gwani ke gane wanda hannunsa ke da tsabta kuma yake cika alkawari, shi zai miƙa wa irin wannan aiki, ko kwastoman da kuɗinsa bai kai farashin gwanin ba. A nan sai mun faɗi gaskiya: aikin da za a sayar, a biya wanda ya taya. "Zan tallata ka" ba ya sayen takarda. Yaran kuma sukan riga manya sanin sabuwar manhaja da yadda ake ɗaukar bidiyon zane a gaggauce, wanda shi ke jawo masu saye yanzu.

Maganar kuɗi ita ce inda zaure ya fi ceton ɗan koyo. Lissafi mai sauƙi: awannin aiki sau kuɗin awa, a ƙara kuɗin kaya. A misali, awa 10 a kan naira 1,500, da kayan naira 4,000, ya kama 19,000. A karɓi rabi kafin a ja layi ɗaya. A rubuta cewa gyara sau biyu ne, na uku da kuɗinsa. Kada a saki cikakken fayil sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin, domin hoton rasit da alat na bogi sun cinye gumin masu zane da yawa. Wanda ya ce ya turo fiye da kima bisa kuskure, a mayar masa da ragowar, tsohuwar damfara ce. In ɗaya ya gamu da irinsa ya sanar, sauran sun tsira.

Satar aiki ma haka. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, zane na mai shi ne tun daga lokacin da ya yi shi, ba sai ya yi rajista ba. Amma hujja ake nema ranar gardama. Ajiye zayyanar farko da fayil mai leyoyinsa. Abin da za ka wallafa kada ya wuce faɗin fiksel 1080, ya isa kallo a waya, bai isa babban bugu ba. Sa hannunka a cikin jikin zanen, kamar a ninkin riga, domin na kusurwa yanke shi ake yi. Zaure kuma ya sa doka a fili: wanda ya bi layin hoton wani, ko ya yi amfani da ƙirƙirarriyar basira, ya faɗa. Batun ƙirƙirarriyar basirar ya tayar da ƙura a ArtStation a Disambar 2022, lokacin da masu zane suka cika shafin da hotunan nuna ƙin amincewa, kuma har yau yana raba kan zauruka.

Abu na ƙarshe, girman zauren. WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024 a zaure ɗaya, amma gyara ba ya rayuwa a irin wannan taro, zanenka zai nutse cikin gaisuwar Juma'a da tallan atamfa. A bar babban zaure don sanarwa, a ware ƙanana na mutum takwas zuwa goma sha biyu, kowanne da gwani ɗaya ko biyu. Rana ɗaya a mako, kowa aiki ɗaya, kuma kafin ka saka naka sai ka yi magana a kan na mutum biyu. In zauren ya fara sanyi, a ba kowa abu ɗaya ya zana. Inktober, wanda Jake Parker ya fara a 2009, haka yake tafiya: zanen tawada ɗaya kowace rana, kwana 31 na Oktoba. Ga masu makaranta da masu kasuwa, ɗaya a mako ya fi ɗorewa. Ku fara da buta: tana da baki zagaye, da mariƙi, da hanci mai lanƙwasa, kuma kowa yana da ita a gida.