Sharhi: Lifta da ƙararrawar gobara a masaukan Makka

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya taɓa sauka a dogayen otal na Misfala ko Aziziyya ya san layin lifta bayan sallar Isha'i: tsofaffi, masu keken guragu, hajiyoyi da galan ɗin Zamzam. Sharhinmu na yau kan abin da liftar nan za ta yi ne ran da ƙararrawar gobara ta kaɗa.

A ƙa'ida, da na'urar da ke shinshinar hayaƙi ta ji hayaƙi a bakin lifta, lifta ta daina amsa kiran kowa. Sai ta gangaro ƙasa, ta buɗe ƙofa, ta tsaya jiran 'yan kwana-kwana. In wutar a ƙasan take, ta nufi wani hawan da aka ware.

Akwai mataki na biyu, shi ne mutane ba su sani ba. In akwai bututun feshin ruwa a ɗakin injin lifta, dole a yanke mata lantarki kafin ruwan ya zubo, don ruwa in ya jiƙa birki da wayoyi, ba wanda ya san inda za ta tsaya. Shi ya sa ake kafa na'urar jin zafi dab da bakin bututun, tazarar da ba ta wuce santimita 60 ba, wadda ke farkawa kafin bututun ya buɗe, ta sa makunnin wutar lifta ya faɗi.

To ina matsalar? Gwaji. Gwajin nan yana son mutum uku: ɗaya ya hura wa na'urar iska mai zafi, ɗaya ya tsaya gaban makunnin wuta ya ji ƙarar faɗuwarsa, ɗaya a ƙasa da oba-oba yana tabbatar da cewa lifta ta sauko ba kowa a ciki. Har wutar da ke ciyar da makunnin sai an duba, don takan ɗauke shiru, shekara guda ba a lura ba.

Mai otal kuwa ba ya son a tsayar masa da lifta ko na awa ɗaya. A Zulhajji muna yi masa uzuri. Amma Muharram fa, lokacin da alhazai sun watse, ɗakuna fayau? 'Yan uwanmu da ke gadi da shara a waɗannan gine-gine, su da ke kwana a ciki, su tambayi manaja yaushe aka yi gwajin ƙarshe. Hukumomin alhazanmu ma, kafin su sa hannu a kwangilar masaukin baɗi, su nemi a nuna musu takardar gwajin, da kwanan wata a jiki.