Kafin ka canza injin ƙaramar motar remot, duba baturi da allo

Ka ɗauka ga ƙananan motocin remot biyu a kan tebur a gabanka. Ta dama Mini-Z ce, ta kamfanin Kyosho na Japan, wadda ta fara fitowa a 1999. Ta hagu K989 ce ta WLtoys na ƙasar Sin. Kowacce za ta zauna a tafin hannu, amma wutar da suke sha ba ɗaya ba ce. Mini-Z batura huɗu take ɗauka, ƙananan nan AAA. In masu caji ne na NiMH, kowanne volt 1.2, jimla 4.8. K989 kuwa baturin LiPo gare ta, wani nau'in baturin lithium mai caji, mai ɗaki biyu (ƙananan batura biyu a haɗe), wanda ake rubuta wa 2S: volt 7.4, in ya cika taf 8.4.

To, ga inda mutane ke ƙona kuɗinsu. Mutum ya ga inji an rubuta 5600KV, ya saya, ya ɗaura. Lambar KV tana nufin sau nawa injin zai juya a minti ɗaya a kan kowane volt, in ba ya jan komai. A volt 4.8, juyi wajen 27,000 ke nan. Ka haɗa shi da 7.4, ya haura 41,000. Inji ɗaya fa! Shi ya sa in baturi ya ƙara ƙarfi, KV ƙasa ake yi da shi, ba sama ba.

Amma tun kafin inji, buɗe motar ka dubi allon nan da wayoyi ke fitowa daga jikinsa, wato ESC. Shi ne mai raba wuta, kuma yawanci shi ke fara mutuwa. Allon da aka ƙera don AAA huɗu, ka ba shi 8.4, sai dai ka ji ƙauri. Ƙirga wayoyin injin ma: mai burushi biyu gare shi, marar burushi uku, kowanne da irin allonsa.

Yanzu juya baturin. A ce an rubuta 400mAh, 20C: ta farko yawan cajin da yake riƙewa ce, ta biyu saurin da zai iya sakinsa. Raba 400 da 1,000 ka sami 0.4, ninka shi sau 20, ka sami amp 8 na wuta, iyakar abin da zai iya bayarwa ke nan ba tare da ya wahala ba. Inji ne ke jan wuta, ba baturi ke tura masa ba. In ya nemi fiye da haka, za ka ga mota ta fizga sannan ta yi sanyi, baturi ya ɗau zafi, a kwana a tashi ya kumbura. Ni dai ba na gaskata lambar C ɗin batura masu araha. A kan zuzuta ta.

Ka sa inji mai sauri? Rage haƙoran ƙaramar giyar da ke bakinsa, ko da ɗaya ne. Yi gudu na minti biyar, tsaya, ɗora yatsa a kan injin. In ka kasa barinsa na daƙiƙa uku, sake rage haƙori.

Wanda ya koma LiPo kuma ya tabbata allonsa na yanke wuta da kansa, don kowane ɗakin LiPo ba ya son sauka ƙasa da volt 3. In allon ba ya yi, akwai ƴar na'ura mai ƙara da ake maƙalawa a wayar caji, ita za ta gaya maka lokacin tsayawa.