Jawabin Maraba ga Ministan Makamashi a Zangon Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai martaba Sarkin Zango, Allah ya ja zamaninka. Limamai da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da matasa, sannunku da fitowa. Babban baƙonmu, mai girma Ministan Makamashi, ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Zuwa da kai ya fi saƙo, mun kuwa gode.

Ranka ya daɗe, mutanen Aboabo da Asawase ba su manta da shekarun dumsor ba, wato shekarun yawan ɗauke wutar lantarki a Ghana. A 2012 bututun da ke kawo mana gas daga Najeriya ya fashe a teku kusa da Lome, ga ruwan madatsar Akosombo mai ba mu lantarki yana ja da baya. Tela ya naɗe hannu, mai walda a Suame ya yini yana jiran wuta. Sai da matatar Atuabo ta fara tace gas ɗin rijiyoyin Jubilee na cikin teku, na rijiyoyin Sankofa ya biyo baya a 2018, aka samu sa'ida. A 2024 kuma injinan samar da lantarki da aka kwaso daga Aboadze suka fara aiki a Anwomaso, nan bayan gidanmu, da gas ɗin da bututu ya kawo daga yamma. Kumasi da ta saba jiran ragowar wuta daga kudu, yau tana samar da tata. Wannan aiki ne na a yaba.

Amma ranka ya daɗe, ka leƙa lungunanmu da asuba. Uwayenmu masu koko da ƙosai, masu waakye da tuwo, har yanzu gawayin Kintampo suke hurawa, hayaƙi yana cin idanunsu, dajin can yana ƙarewa. Ba ƙin gas suke yi ba. Tsada ce, da tsoro, domin fashewar tashar gas ta Atomic Junction a Accra a 2017 ba ta fita daga zukata ba. Gwamnati ta ce tana son rabin 'yan ƙasa su riƙa girki da gas kafin 2030. To, ba za a kai can ba sai an bi ta Zango.

Roƙonmu shi ne a buɗe wuraren musayar tukunyar gas a cikin unguwanninmu, a kawo ƙanana waɗanda mai ƙaramin jari za ta iya saya, a sassauta harajin da ke kansu. A aiko ma'aikata su koyar da yadda ake kula da tiyo da makunni, da Hausa. Limamanmu a shirye suke su yi sanarwa ranar Juma'a, samarinmu kuma suna son a horar da su wannan sana'a.

Ranka ya daɗe, jama'a suna sauraronka. Bismillah.